Mai Shan Batirin Motar Malama

Batir na uku ya mutu ranar Talata da safe. Maigadi ya murɗa makulli, motar ta ce ƙyat, ta yi shiru. Ya sake murɗawa, ko ƙyat ɗin ba ta ƙara ba. Malama tana tsaye a kansa da agogo a tafin hannu, domin shekara talatin ta yi tana shugabancin makaranta, kuma ritaya ba ta raba ta da duba agogo ba.

"Fito," ta ce. "Ba ni makullina."

Motar ta autanta ce. Wata bakwai ke nan da ya tafi aiki wata ƙasa, ya bar ta a tsakar gidan hayar uwarsa, tsakanin tankin ruwa da katanga, da umarni biyu: a rufe ta, a kuma tayar da ita minti biyar kullum. Malama ta sa aka ɗinka mata rigar tamfol ruwan toka, har ƙasa. Tun daga nan motar ba ta taka ko'ina ba, gidan kuwa bai sake ganin zaman lafiya ba. Batir cike da caji ba ya wuce kwana biyar. Kafin ya mutu kuma sai jiniyar ɓarayi da ke jikin motar ta yi ta kuka ba dalili, da hantsi, da azahar, da la'asar, har karnukan layin suka koyi amsa mata.

Injiniya, mai gyaran wutar mota, ya zo sau huɗu. Duk zuwa sai ya ɗora mitarsa, ya girgiza kai, ya ce, "Motar nan lafiyarta ƙalau. Ba inda wuta ke yoyo. Hannu ne ke taɓa ta."

Hannun wa? 'Yan haya suka fara kallon juna a bakin famfo. Daga baya duk suka juya suka kalli Maigadi, don shi kaɗai ne a gidan ya iya tuƙi, shi kaɗai kuma ke taɓa makulli.

"Na ba ka zuwa jibi da azahar," in ji Malama. "Ko ka kawo mini mai shan batirin nan, ko ka kwashe iyalinka daga ɗakin bakin ƙofa. In ban kira 'yan sanda ba, ka ci albarkacin 'ya'yanka."

*

Maigadi yana da wa, tsoho, wanda kowa ke kira Mai Sawu. A ƙuruciyarsa shi ake kira in an sace dabba, ya bi sawu kwana biyu har ya tsaya a ƙofar ɓarawo. Yanzu gwiwa ta ƙi, yana zaune a ɗaki guda bayan kasuwa. Ƙanensa ya same shi a tsugune yana kallon zanzaro na gina ɗakin laka a jikin taga. Kwana shida ke nan yana bin ginin, kuma yau ake rufin.

"Yaya, an ce ni ɓarawo ne."

"Kai? Kai da akuya ta cinye wa hula kana kallo?"

Maigadi ya kwashe labari ya faɗa masa. Mai Sawu bai ɗauke ido daga zanzaron ba.

"Ni sawun shanu na sani. Batir kofato gare shi?"

"To shi ke nan. In an kore ni nan za mu taho, ni da ita da yaran huɗu."

Mai Sawu ya dubi ɗakin nasa. Tabarma ɗaya, akwati ɗaya, da wurin da mutum zai miƙe ƙafa in ya karkata. Ya dubi ƙanensa, mutum mai furfura a gemu, wanda bai taɓa ɗaukar allurar wani ba, amma tun yana rarrafe rigima ke gane adireshinsa. Ya yi tsaki, ya ɗauki sandarsa.

*

Abin da ya tarar a tsakar gidan ya ɓata masa rai. Mutum goma sha sun tattake kewayen motar, wata kuma ta bi da tsintsiya.

"Wa ya share nan?"

"Ni na sa," in ji Malama daga baranda. "Gidana ba juji ba ne. Kai ne wan nasa? Ai da gani."

Mai Sawu ya haɗiye wannan. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗaga gefen tamfol, ya daɗe yana kallon taya.

"Me kike zargin yana yi da motar, Malama?"

"Ya yanko makulli na biyu. In na tafi ganin likita ko gidan 'yata, sai ya fita kabu-kabu da ita."

"Zo ki gani."

Ba ta zo ba, sai ya faɗa mata daga nan. Gizo-gizo ya yi saƙa daga tayar baya zuwa ƙasa, saƙar har ta tsufa ta yi ƙura. A gaban tayar gaba wata 'yar ciyawa ta tsiro, ta yi fure rawaya, ba abin da ya taɓa taka ta.

"Motar nan ba ta motsa ko taƙi ɗaya ba tun watanni."

Malama ta gyara zaman tabarau. "To a tsaye yake shan ta. Wannan ya fi muni."

A lungun da ke tsakanin mota da katanga, inda tsintsiya ba ta kai ba, ya samu sawu iri biyu. Ɗaya silifa ne na namiji, ƙafar dama ta fi ta hagu cinyewa. Ɗayan takalmin roba ne ƙarami, mai tafiya da ƙarfi, dunduniya na nutsewa kamar mai shi na jin haushin ƙasa.

*

Mai silifan bai yi wuyar samu ba. Wanda ke taka keken ɗinki da ƙafar dama shekara da shekaru, takalminsa ba ya ɓoye shi. Tela yana ɗaki na uku, bakinsa cike da fil.

"Me kake yi a bayan mota?"

Tela ya tofar da fil ɗin a hannu. "Wa ya ce ina zuwa?"

"Silifanka."

"An ce waya kake ja daga batir kana kunna fitilar ɗinki," in ji Maigadi daga baya.

"Kai rufe mana baki," in ji Mai Sawu. "Ni ke tambaya."

Tela ya leƙa waje, ya rage murya. "Baba, ka rufa mini asiri. In mai kaya ta zo karɓar ɗinkinta ban gama ba, can nake laɓewa, matata ta ce na tafi sayen zare. Rannan ina tsugune abin nan ya fashe da kuka a kunnena. Matar ta zagayo ta same ni da yadinta a kafaɗa, ko yanka shi ban yi ba. Ni da motar nan, in akwai wanda aka zalunta ni ne."

"Ka taɓa ta ne ta yi kukan?"

"Wallahi ban taɓa ba. Iska ce ta taso, tamfol ya yi fal-fal, shi ke nan."

Mai Sawu ya riƙe wannan a ransa, bai san inda zai ajiye shi ba tukuna.

*

Mai takalmin roba Nas ce, wadda ke kwana a asibiti ta wuni tana neman barci a ɗakin da tagarsa ke kallon motar. Ta buɗe ƙofa da ido ja wur.

"An ce kin rantse sai kin ga bayan motar nan."

"Na rantse, kuma ban janye ba."

"In batir ya mutu jiniya ta yi shiru. Ke kaɗai ce ke cin ribar mutuwarsa."

"Ƙwarai. Ranar da ya mutu nake barcin mutane. In ka gano mai kashe shi, Baba, ka turo mini shi in yi masa godiya."

"Sawunki na bayan mota."

"Na je na shure tayarta. Sau uku. Yatsana ne ya kumbura, ga shi nan, in kana son shaida." Ta nuna masa. "Bonet daga ciki ake buɗe shi, makulli yana jakar Malama, jakar tana hammatarta. Ta ina zan kai ga batir? Akwai sauran tambaya, ko in koma in kwanta kafin ta farfaɗo?"

Ta rufe ƙofa kafin ya amsa.

Da yamma ya koma gida da ciwon gwiwa da hannu wofi. Zanzaro ya gama rufin ba tare da shi ba.

*

Ranar Laraba Mai Sawu ya dawo da sassafe, kafin mai tsintsiya. Bai tambayi kowa komai ba. Ya gaji da mutane, kowa da bakinsa, kowa da haushinsa. Ya zauna a kan bulo kusa da tanki yana kallon ƙasa, don ita ba ta taɓa rufe masa ƙofa a fuska ba.

Nan ya ga kiyashi. Layi guda ne siriri, ya fito daga ƙarƙashin tamfol ta bayan mota, ya bi gindin katanga, ya shige wani rami. Wannan ba abin mamaki ba ne. Kayan da suke ɗauke da shi ne ya sa ya sunkuya. Kowane na uku ko na huɗu yana riƙe da fiffike, ɗan fiffike fari mai sheƙi, ya ɗaga shi sama kamar mai tallan madubi. Ya daɗe yana kallonsu, har ya manta abin da ya kawo shi. Ya tare ɗaya da tsinke, ya karɓi kayansa, ya ɗora a farce.

Fiffiken ƙwarin fitila ne, irin waɗanda ke taruwa a kan ƙwan lantarki su yi ta zagaye har su faɗi.

Ya ɗaga kai. Fitilar tsakar gida tana can bakin ƙofa, taku ashirin daga nan. A wannan lungun ba ko kyandir. To me ƙwarin fitila ke nema a ƙarƙashin tamfol?

Ya bi layin a rarrafe, yadda ya saba bin shanu, sai dai wannan garken ƙanana ne. Kiyashin sun hau taya, sun bi ƙarfen baya, sun shige ta bakin but, wurin saka kaya na bayan mota. Ya cusa kai cikin tamfol. Igiyar da ke tattare rigar motar ba a ƙasa aka ɗaure ta ba. An yi mata ƙulli babba, an cusa ƙullin cikin but, an rufe murfin a kansa. Murfin ya kama, amma bai zauna ba, akwai tazarar da ɗan yatsa zai shiga. A bakin tazarar ga kashin tsaka, baƙi da ɗigon fari, ba ɗaya ba, ba goma ba. Tsakar da ta yi wannan ba ta san yunwa ba.

"Yaya, lafiya?" in ji Maigadi, ganin ƙafafun wansa kaɗai a waje. "Ko jiri ne?"

"Ja ni in tashi. Ina shagon Injiniya?"

*

Injiniya yana cikin wata mota rabi da rabi. Da ya ji maganar motar Malama sai ya fito yana goge hannu, ransa a ɓace.

"Baba, na auna motar nan sau huɗu. Na ciro fis ɗaya-ɗaya. Na yi wa batir alama da ƙusa ko ana musanya shi, ba a musanyawa. Matar nan ta ce mini in koma makaranta, a gaban mutane."

"Tambaya ɗaya gare ni. In ka je, a rufe kake samun motar ko a tuɓe?"

"A tuɓe mana. An naɗe tamfol, an goge ta tas, har kujera ake ajiye mini. Malama ba ta son baƙo ya ga abu a hargitse."

"Ba ka taɓa auna ta da rigarta ba?"

"Ana auna mota da riga ne?"

"Gobe kafin azahar ka zo da batir mai caji. Kada ka gaya mata kana tafe."

*

Ranar Alhamis kowa ya fito. Tela ya tsaya kusa da ƙofarsa don gudu ya yi masa sauƙi. Nas ta fito da zani a ka. Matar Maigadi ta riga ta ɗaure tukwane a buhu. Injiniya ya ɗaura batir, ya ja gefe. Malama ta sauko daga baranda da agogo a hannu ɗaya, takarda a ɗayan.

"Saura minti ashirin. Ina ɓarawon?"

"Takardar mece ce wannan, Malama?"

"Ta sallamar ƙanenka."

"Ara mini ita. A buɗe but."

Aka ɗage tamfol, aka buɗe. Wata tsaka mai ƙiba ta fito a guje ta bi katanga. Ƙasan but ɗin ya yi fari da fukafukai. Mai Sawu ya miƙa wa ƙanensa sanda, ya ɗaga ƙafa ɗaya da hannu biyu ya saka, ya bi da ɗayar, ya naɗe kansa kusa da tayar safaya.

"Tsohon nan ƙalau yake?" in ji Nas.

"Malama, ki rufe motar yadda ake rufe ta kullum. Wanda ya saba ɗaure igiyar shi zai ɗaure."

"Ni ke ɗaurewa," in ji Malama. "Tun da aka sace tamfol ɗin maƙwabta ban yarda da ɗaurin kowa ba. Sai ɓarawo ya fasa but kafin ya ɗauki nawa."

Ta ja rigar, ta yi ƙullinta, ta cusa, ta buga murfin, ta sauke tamfol. Kowa ya zuba wa motar ido.

Can sai murya ta fito daga cikin motar, a hankali, kalma-kalma, don Mai Sawu aji uku ya yi a makaranta aka mayar da shi kiwo.

"Zu-wa ga Mai-ga-di. Ba-yan gai-su-wa. Sa-bo-da ra-shin a-ma-na... ka kwa-she ka-yan-ka..."

"Ka tsallake layi," in ji Malama da ƙarfi. "Koma baya. Bayan rashin amana akwai waƙafi, sannan..."

Ta tsaya. Bakinta ya zauna a buɗe.

"Na'am, Malama," in ji muryar. "Da wace fitila nake tsallake layin?"

Injiniya ya dafe kai da hannu biyu.

"Yanzu a zare igiyar, a rufe da kyau," in ji Mai Sawu daga ciki.

Maigadi ya zare, ya rufe. Murfin ya zauna daram.

"Duhu," in ji muryar. "Ko hancina ba na gani."

Injiniya ya riga ya ɗora mitarsa, yana magana da sauri kamar wanda aka saki daga ɗauri. Fitilar but tana da ɗan maɓalli, sai murfi ya danne shi take mutuwa. Ƙullin igiya ya hana murfin zama, fitila na ci dare da rana a ƙarƙashin tamfol, ba mai gani. In iska ta ja tamfol, igiya ta ja murfi, jiniya ta ɗauka ɓarawo ne. In batir ya yi rauni kuma, ta yi kukan rauninsa.

"Ni kuwa duk zuwana sai a tuɓe mini ita, a zare igiyar, a rufe but da kyau, a ce in nemo cuta. An ɓoye mini marar lafiya an kawo mini mai lafiya."

"Da ka iya aikinka da ka tambaya," in ji Malama.

"Wata bakwai," in ji Nas. "Wata bakwai ban yi barci ba saboda ƙulli."

"Ni ma an ci mutuncina," in ji Tela.

"Kai ka ɗinka rigar da igiya mai kauri haka," in ji Malama.

"Ke kika zaɓi igiyar, Malama. Kin ce siririya ta 'yan wasa ce."

Gardama ta kaure, kowa na faɗin tasa. Sai da aka ɗauki lokaci kafin matar Maigadi ta ce tana jin kamar ana ƙwanƙwasa wani abu.

Suka buɗe but suka fito da Mai Sawu jiƙe da gumi, fiffike manne a gemu. Ya haɗiye abin da ke bakinsa, don ba na gaban mata ba ne. Ya miƙa wa Malama takardarta. Ta karɓa, ta dube ta, ta ninka huɗu, ta tura can ƙasan jaka.

"Saura abu ɗaya," in ji Injiniya. "Minti biyar ɗin nan da kuke tayar da ita, cin batir yake ba ciyar da shi ba. Abin da tayarwa ta ɗiba, minti biyar a tsaye ba ya mayarwa. Ko a cire kan batir a ajiye, ko a fita da ita titi rabin awa duk mako."

"Ba abin da za a cire a jikin motar ɗana."

"To a tuƙa ta."

Malama ta dubi Tela, Tela ya dubi silifansa. Ta dubi Nas, Nas ta yi hamma. Ta dubi tanki, ta dubi katanga. Daga ƙarshe, da ba sauran abin kallo, ta dubi Maigadi. Ta buɗe jaka ta ciro makulli, ta miƙa masa ba tare da ta haɗa ido da shi ba.

"Gaya wa matarka ta kwance tukwanen nan, ta tare mini hanya. Kuma kada ka wuce arba'in."

Maigadi ya karɓa da hannu biyu. Motar ta tashi bugu ɗaya. Malama ta shiga baya ta zauna, ta ɗora agogo a cinya. Suka silalo har bakin ƙofa, suka tsaya, don ƙofar a rufe take, mai buɗe ta kuma yana riƙe da sitiyari.

Gilashin baya ya sauka.

"Kai, wan nasa. Tsayuwar me kake? Buɗe mana."

Mai Sawu ya ja gwiwarsa ya je ya zare sakata, ya tura ƙyauren ƙarfen, ɗaya sannan ɗaya.

"Rabin awa za mu yi," in ji Malama. "Ka zauna a nan. Kada ka bar kowa ya shiga."